Sherif ko 'yan sanda: me zan roƙa wa unguwarmu a Loudoun?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka riga mu zama a wannan yanki na arewacin jihar Bajiniya a Amurka.

Shekara uku ke nan da muka tashi daga Alexandria muka koma gundumar Loudoun, can wajen Aldie. Ranar da aka ba mu makulli ko kwaltar layinmu ba a gama ba, bayan gidan kuwa fili ne fetal, katafila na ta tono daga safe har yamma. Yau filin nan gidaje ne reras manne da juna, kowanne da mota biyu a ƙofa. Akwai Indiyawa, akwai Habashawa, akwai 'yan Salbado, akwai Turawan da aiki ya kawo daga wasu jihohi, mu Hausawa gida biyu ne. Kowa baƙo ne. Ba mutum ɗaya a layin nan da zai ce maka a garin aka yanke masa cibiya.

Watan jiya, daren Talata wajen ƙarfe uku, wasu samari suka bi layin suna taɓa ƙofofin motoci ɗaya bayan ɗaya. Wadda suka tarar a kulle su wuce, wadda ke buɗe su shiga. Bakwai suka buɗe, har da tawa, don na dawo aiki a gajiye na manta ban kulle ba. Suka ɗauke jakar kwamfutata da ɗan canjin da ke aljihun mota.

Ba jakar ce ta dame ni ba. Maman Hanifa ta gan su da idonta ta taga, ta tashi ba jaririya nono. Waya na hannunta, amma ba ta kira 911 ba, ni ma ba ta tashe ni ba sai da suka ɓace. Da gari ya waye na tambaye ta dalili, sai ta ce ba ta san abin da za ta faɗa musu ba, kuma tana gudun a tara mana motoci masu jiniya a ƙofar gida maƙwabta su ce ai daga gidan baƙin nan ne. Ga kuma mahaifiyarta da ta zo mana wankan jego da bizar ziyara. Takardun Hajiya lafiyarsu ƙalau, amma tsoro ba ya duba takarda. Daga baya na ji wani maƙwabcinmu shi ma wayarsa ta sanar da shi, ya kalle su ta kyamarar ƙofarsa yana kwance, ya ce ya ɗauka wani ya riga ya kira.

Da rana jami'i ya zo, mataimakin sherif, matashi mai natsuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe da Hajiya, ya rubuta komai, ya ba ni kati mai lambar ƙarata. A cikin hira ya ce ranar ce farkon shigowarsa layinmu. Ban ga laifinsa ba, layin ne sabo. Amma bayan ya tafi na daɗe ina tunani: shi bai san mu ba, mu ba mu san shi ba, mu kanmu ba mu san juna ba.

To, ƙungiyar masu gidajen unguwa ta kira taro ƙarshen wata, an gayyaci babban jami'in ofishin Dulles South da muke ƙarƙashinsa, kuma an ce in yi magana tunda abin ya shafe ni. Kan mutane ya rabu. Wasu na so a kafa kyamarar da ke karanta lambar mota a mashigin unguwa. Wasu na so a ɗauki masu gadi na kamfani a ƙara kuɗin a kan abin da muke biya duk wata. Wani dattijo kuma ya dage cewa tushen matsalar shi ne gunduma mai girman wannan ba ta da rundunar 'yan sanda, sherif kawai gare ta, a taso da maganar. Ni wannan bambancin ma ban gane shi sosai ba. 'Yan mintoci kawai za a ba ni. Me ya kamata in roƙa, wanda zai yiwu kuma zai amfane mu?

Direban Dulles

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri, ya raya jaririya.

Ni a 1997 na fara jan tasi a filin jirgin Dulles. A lokacin in na ɗauki fasinja zuwa Leesburg ta hanya mai lamba 7, shanu nake gani dama da hagu. Ashburn ɗin nan da ta cika da manyan gine-gine marasa taga na ajiyar bayanan intanet, gonaki ne. Ƙidayar 1990 ta samu mutum dubu 86 a Loudoun gaba ɗaya, ta 2000 kusan dubu 170, ta 2010 dubu 312, ta 2020 ta haura dubu 420. A Nuwamban 2022 jirgin ƙasa na Metro ya iso har Ashburn. Duk wanda aka ba tsaron wuri irin wannan, kullum yana biye da gari ne a baya, yana gama sanin wata unguwa an gina wata.

Ga bambancin da ka tambaya. A tsarin mulkin Bajiniya zaɓen sherif ake yi, duk shekara huɗu, kuma ba ya ƙarƙashin majalisar gunduma, kuɗi kawai take ware masa. A Loudoun shi ke da sintiri, shi ke da bincike, shi ke da gidan yari da tsaron kotu. Garuruwa irin su Leesburg da Purcellville da Middleburg suna da 'yan sandansu na cikin gari, amma inda kake, da Sterling inda nake, na sherif ne. Fairfax kuwa tun 1940 ta ware rundunar 'yan sanda daban, aka bar wa sherif kotu da gidan yari. Prince William ta kafa tata a 1970. A can naɗa shugaban 'yan sanda ake yi, hukumar gunduma na iya sauke shi.

Maganar da dattijon nan ke so a taso, an riga an yi ta. A 2020 shugabar majalisar gunduma, Phyllis Randall, ta nemi a kafa runduna irin ta Fairfax. Sherif Mike Chapman, wanda ke kan kujerar tun 2012, ya ce bai yarda ba. Doka ta ce sai an yi ƙuri'ar raba gardama, sannan majalisar dokokin jiha da ke Richmond ta amince. Aka ba ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta duniya aikin nazari, a 2022 suka kawo rahoto cewa sauyin zai ci sama da dala miliyan 200 cikin shekara goma. Daga nan majalisar gunduma ta ajiye maganar. Kada ka ƙona mintocinka a kanta, jami'in da zai zo muku ba shi da ta cewa a ciki.

Ni ra'ayina, na fi son wanda ake zaɓa. Mai neman ƙuri'a dole ya zo inda kake, ya cire takalmi ya shiga masallacinka.

Abin da zan ce ka roƙa ƙarami ne: a ba ku jami'i ɗaya mai suna, wanda unguwarku ke cikin rabonsa, a bar shi ya daɗe ba a canja shi duk wata shida, a ba ku lambar da za ku same shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin 'yan doka na zamanin En'e a Zariya. Yana faɗin zaluncinsu ba ɓoyewa, amma yakan ce ɓarawo ba ya kwana biyu a unguwa, don ɗan doka ya san mai unguwa, mai unguwa kuma ya san wanda ya sauka a gidan wane daren jiya. Ku ba ku da mai unguwa. Sai kun yi wa kanku: mutum ɗaya a kowane layi da kowa ke da lambarsa.

Mu a Sterling da hawaye muka koyi wannan. Azumin 2017, cikin goman ƙarshe, yara sun fito daga masallacin ADAMS sun je cin sahur, a hanyar dawowa wani direba ya far musu, ya ɗauke yarinya 'yar shekara 17 ya kashe ta. Masallacin dab yake da iyakar Loudoun da Fairfax, abin ya faro ta ɓangaren Fairfax, aka tsinci gawar a wani tafki ta ɓangaren Loudoun. An yi wa mutumin ɗaurin rai da rai. Allah ya gafarta mata. Tun daga lokacin ba na yarda azumi ya kama ban tabbatar akwai wanda ya san jami'an ɓangarorin biyu da suna ba.

Maman Sadiq

Sannu Baban Hanifa, a gaida mai jego da Hajiya. Ka ce wa matarka kada ta zargi kanta, da yawanmu haka muka fara.

Ni nas ce, shekara tara ina dutin dare a sashen gaggawa na wani asibiti a yankin nan. Zan faɗa muku inda jami'an sintirinku suke da ƙarfe uku na dare, don ina ganinsu: suna zaune a barandarmu.

A Bajiniya idan mutum ya samu taɓin hankali har ana tsoron ya cutar da kansa ko wani, majistare na ba da umarnin a riƙe shi na awa takwas a duba shi. In an ga sai an kwantar da shi, a ba da wani umarnin na har awa 72. Jami'in da ya kawo shi ba ya tafiya sai an samu gado a asibitin ƙwaƙwalwa, gadon kuwa shi ne babu. A Yulin 2021 sai da jiha ta dakatar da karɓar sababbin marasa lafiya a biyar daga cikin asibitocinta takwas na ƙwaƙwalwa na manya saboda ƙarancin ma'aikata.

Akwai daren da ba na mantawa. An kawo wani saurayi da magariba, hannunsa ɗaya da ankwa a jikin ƙarfen gado. Jami'ar da ta kawo shi ta ja kujerar roba ta zauna a bakin labule. Rediyon kafaɗarta na ta kira, ana neman mota a wuri kaza, ba halin ta motsa. Ta rage sautin don kada ya firgita. Da ya fara kuka ta tambaye shi wace ƙungiyar ƙwallo yake so, suka yi ta hira har ya yi barci. Da asuba wani ya zo ya canje ta. Na tashi aiki ƙarfe bakwai, na dawo daren gaba, yaron na nan, jami'i na uku na zaune a kujerar. Mota guda ke nan da aka cire daga titi yini da kwana, shi kuma yaron ba magani yake samu ba, jira kawai yake.

Don haka in ana maganar gyaran aikin 'yan sanda a gundumar da ke cika kullum, ni ba ƙarin motoci nake fara hangowa ba. A ƙara wuraren karɓar masu irin wannan lalura inda jami'i zai miƙa mutum ya koma bakin aikinsa, a ƙara ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke fita tare da jami'ai. Jihar ta yi doka a kan haka a 2020, ana kiranta Marcus Alert, da sunan Marcus-David Peters, malamin makarantar da ɗan sanda ya harbe a Richmond a 2018 yana cikin ruɗewar hankali. Dokar tana nan, aiwatarwa kuwa sai da kuɗi da ma'aikata, kuma wani ɓangaren wannan a hannun majalisar gunduma yake lokacin kasafi. Ka tambayi jami'in: awa nawa mutanensa ke kashewa a asibiti duk wata? Za ka ga yadda zai buɗe baki, abin na ci musu tuwo a ƙwarya.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutanenmu ɓoye wannan ciwo muke yi. Yaro ya daina barci, yana magana shi kaɗai, a ce iska ce, a yi ta ruƙiyya a ɗaki. Ban hana addu'a ba, ni ma ina yi. Amma sai ranar da ya ɗauki wuƙar kicin sannan a kira 911 cikin ihu, jami'i ya zo bai san komai ba sai cewa akwai wuƙa. Tun Yulin 2022 akwai lamba 988 ta taimakon masu ciwon ƙwaƙwalwa, ana kira tun abu bai kai nan ba. In kuma dole sai 911, a faɗa tun farko cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne, a faɗi ko akwai makami ko babu, a nemi jami'in da ya yi horon CIT, horo ne na awa 40 a kan yadda ake lallaɓa mai wannan hali.

Kuma don Allah ka roƙa mana abu ɗaya mu mata. A turo jami'a mace ta zo inda muke taruwa ranar Asabar, ta zauna da mu, ta nuna mana yadda ake kiran nan: me za a tambaye ka, me za ka fara faɗa, yadda ake cewa a haɗa ka da tafinta. Mu ne a gida da rana, mu ne a farke da dare.

Ɗan Herndon

Kawu sannu da ƙoƙari. Baba Alhaji, a gafarce ni, a wuri ɗaya ban bi ka ba.

Ka ce wanda ake zaɓa dole ya zo inda muke. Nawa ne a cikinmu ke da ƙuri'a? Mahaifiyata shekara goma sha ɗaya tana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kafin ta zama 'yar ƙasa, duk tsawon lokacin tana biyan haraji, ba ta taɓa zaɓen kowa ba. Kuma ƙuri'a sau ɗaya ce a shekara huɗu. In aka ci mutuncin ɗanka a bakin titi ranar Laraba, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa ranar Alhamis?

A 2020 Bajiniya ta ba ƙananan hukumomi ikon kafa kwamitin farar hula mai binciken ƙorafi a kan 'yan sanda, har da ikon sammaci. Amma dokar ta cire ofisoshin sherif. Ma'ana Fairfax na iya yi, Loudoun ba ta iya tilasta wa nata. Akwai kuma batun su kansu mataimakan: a jihar nan duk sabon wa'adi sai sherif ya sake naɗa su. Bayan zaɓen 2015 wani jami'in bincike a Loudoun da ya goyi bayan abokin takara bai samu sabon naɗi ba, ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 2019 doka ta ba sherif wannan dama. Jami'in da ya san haka yake, da wuya ya ɗaga murya in ya ga ba daidai ba.

Ban ce runduna mai shugaba naɗaɗɗe ba ta kuskure. A Fairfax ɗin da na girma, a 2013 ɗan sanda ya harbe John Geer yana tsaye a ƙofar gidansa a Springfield, aka fi shekara ba a ko faɗi sunan wanda ya yi harbin ba. Amma da mutane suka matsa, akwai wanda za a matsa wa: majalisar gunduma. Daga nan aka samu mai bincike mai zaman kansa da kwamitin farar hula.

Ni kaina an tsayar da ni sau uku a shekara ɗaya, a wata gunduma da ba zan kama sunanta ba, ina ɗan shekara goma sha tara. Biyu daga ciki dalilin da aka ba ni shi ne carbin da ke rataye a madubin mota. Ba a taɓa ba ni tikiti ba, tambayoyi ne kawai: motar wa, daga ina, ina za ka. Tun Maris 2021 doka ta hana tsayar da mota don wannan dalilin kaɗai. Kuma tun Yulin 2020 wajibi ne kowace hukuma ta rubuta launin wanda ta tsayar, dalili da abin da ya biyo baya, ta aika wa jiha. Kawu, ka roƙi a kawo muku alƙaluman yankinku a taro, a bayyana su da baki. Wannan ba ya buƙatar sauya tsari.

Kyamarar lambar mota kuwa, kafin ku sa hannu ku tambaya: wa ke riƙe bayanan, kwana nawa, wa ake ba? Za ta rubuta fitar matarka da shigarta kowace rana. Samarin da suka zo muku ma da ƙafa suka bi layin.

Direban Dulles

Ɗana, maganarka ta ƙuri'a gaskiya ce, na karɓa. Ta carbi kuma ta taɓa ni, don ni ma na cire nawa daga madubi shekaru da yawa ban taɓa gaya wa yarana dalili ba.

Abu ɗaya zan ƙara wa Malam. Jami'ai da dama da na sani ba a gundumar suke kwana ba, kuɗin gida ya fi ƙarfin albashinsu. Daga Charles Town da Martinsburg suke tahowa, can Bajiniya ta Yamma, wasu daga Winchester. Mutumin da zai yi tuƙin awa guda bayan dutin dare ba zai tsaya sanin unguwa ba, kuma da wata hukuma ta ƙara masa kuɗi kusa da gida zai tafi. In kuna son jami'i ya daɗe da ku, ranar da ake sauraron jama'a kan kasafi a Leesburg ku je ku faɗi haka.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maman Hanifa duka, da aka zo wajen Hajiya Maman Sadiq sai da ta sa na maimaita.

Maganar sherif da runduna zan bar ta a taron nan, ko da yake abin da ɗana na Herndon ya faɗa bai bar raina ba. Ban taɓa tunanin inda zan kai ƙara ba sai yau, kuma Hanifa da ƙannenta a nan za su fara tuƙi. Zan tambayi jami'in a gaban kowa yadda ake shigar da ƙorafi, wa ke dubawa, kwana nawa ake ba da amsa, in roƙi a rubuta mana a takarda ɗaya da za a fassara. Maƙwabcina Bahabashe ya ce zai yi ta Amhariyanci, wata baiwar Allah a layin baya za ta yi Sifaniyanci, ni in yi Hausa da taimakon abokina na Maraɗi da zai yi Faransanci.

Zan roƙi jami'i mai suna kamar yadda Alhaji ya ce, da jami'a mace don zaman mata. Kyamara zan ce a dakata sai an amsa tambayoyin nan uku.

Jiya bayan la'asar na bi layinmu gida-gida da takarda da biro. Gida ashirin da biyu ne, sha huɗu suka buɗe, sha uku suka ba ni lamba. Wata tsohuwa Ba'indiya da ba ta jin Turanci ta riƙe ni a ƙofa har jikarta ta sauko ta fassara: ashe ita ma ta ga samarin a daren, tana zaune a falo ba ta iya barci, kuma ta ga motar da ta jira su a bakin kwana, fara, ƙofar baya a lotse. Na kira lambar da ke kan katin na faɗa wa jami'in, ya ce zai zo gobe da safe ya ji daga bakinta. Jikar tana makaranta a lokacin, shi ya sa nake tambaya: Hajiya Maman Sadiq, tafintan waya da kika ambata, suna da mai jin yarenta, Telugu?